Yaron da Ya Wuce Layin Alli

Ranar wata Litinin ce cikin daminar 1959, an wayi gari da ruwa, Malam Haliru ya shigo ajinmu na huɗu da famfon kekensa a hamata, ƙafar wandonsa duk taɓo. Bai ce mu zauna ba sai da ya gama jera kalmomin Turanci a allo, ya hure allin da ke yatsunsa, sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wanda ya ɗauke masa takalmi a masallaci. Ya ce daga ranar har a yanke gero ba mu da aiki sai waɗannan kalmomi da 'yan uwansu, domin bayan kaka Baturen makaranta zai zo ya zaɓi waɗanda za su wuce makarantar gaba, kuma da Turanci zai yi tambaya. Mun haura talatin a ajin, kowa kuwa ya san ko rabinmu ba za a ɗauka ba. Wanda aka bari sai ya koma sana'ar gidansu. Ni na san tawa tun ban kai ko'ina ba, domin ubana mahauci ne, kakana ma haka.

Malam Haliru ba ya yarda da karatun da za a rera a aji a manta a ƙofa. Da ruwan ya tsagaita sai ya kora mu tsakar makaranta, ya riƙa nuna abu da sandarsa yana sa masa suna. Ya nuna giginyar da ke bayan katanga ya ce “tall”, ya ce haka ake ce wa mutum da raƙumi da duk abin da ya tsaya da ƙafarsa ya miƙe sama. Ya nuna shirwar da ke shawagi bisa kasuwa ya ce “high”, wato abin da ya yi nisa da ƙasa, ko tudu, ko katangar da ba ka iya leƙawa. “Low” kuwa ya ce mu tuna ƙofar ɗakin kakanninmu, wadda sai ka sunkuya kake shiga. Ya kai mu bakin rijiya muka leƙa, ya jefa tsakuwa, muka yi shiru har muka ji ta faɗa ruwa, ya ce “deep”. Awon abu daga ƙasa har ƙolinsa shi ne “height”. Duk wannan bai ba mu wuya ba, tunda muna da tsawo da bisa da zurfi a bakinmu, riga kawai aka sauya musu.

Ta ƙarshe ce ta tsaya mana a wuya, “pressure”. Don ita ya kawo famfon. Ya sa muka yi layi, kowa ya toshe bakin famfon da babban yatsa, shi kuma ya danna da ƙarfi har yatsan ya kauce, iska ta fita da ƙara. “Abin da kunka ji shina ture muku yatsa, shi na,” in ji shi. Ya ce iska ko ruwa in aka cusa su a wurin da ya yi musu kaɗan, sai su riƙa tura duk abin da ya tare su suna neman hanya, wannan turin shi ake nufi. Sannan ya ce wani ya kawo misali daga gidansu. Ni da rawar kai na ɗaga hannu, na ce kamar yadda Baba ke yi in zai feɗe akuya. Sai ya ɗan tsaga fata a ƙafar baya, ya zura tsinke ya buɗe hanya, ya kafa baki ya yi ta hurawa har akuyar ta kumbura ta yi tam kamar salka, ya bi ta da tafin hannu yana bubbugawa, iskar ta raba fata da nama, a saɓule fatar ba ko ƙwarzanen wuƙa. Ban rufe baki ba aji ya fashe da dariya. Nasiru, jikan limamin unguwarmu, ya toshe hanci da yatsu biyu. Malam ya buga sanda a teburi, ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa jin misalin da ya kai wannan ba, ya sa na maimaita. Yabon nan ya fi dariyar ƙona mini rai, domin daga ranar sunana ya koma Mai Hura Akuya.

Gidanmu yana cikin tsohon gari, a lungun da duk mahauta ne. Ana sallar asuba Baba ke wucewa mayanka, ni kuma kafin in tafi makaranta sai na cika randunan Inna, na zuba wa awakin da ke jiran ranarsu harawa, na share turke. In an tashi makaranta in kai masa fura, in dawo da fatu a kai. Fatar jar akuya ita ce abin alfaharinsa. Ba ya yarda a shanya ta a ƙasa ko a rana, sai a ɗaure a jikin katako a inuwar rumfa, ni ke riƙe gefe yana ja. Ranar da ba makaranta mu tafi gonarmu ta gero can wajen Gawon Nama, wanda a lokacin gonaki ne da gawo, in ka yi ihu babu mai amsa maka sai makiyayi. Da la'asar kuwa langa ce da kokawa da ƙwallon tsumma a ƙofar gida, har Inna ta aiko ƙannena mata su kira ni.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'ya shida. Saboda kunyar ɗan fari Baba bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” ne, ko “wanga yaro”, in kuwa da baƙi a zaure sai ya yi kamar bai ga wucewata ba. Bai taɓa dafa kaina ba, ni ma ban taɓa sa rai ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Boko kuwa ba da son ransa na shiga ba, mai unguwa ne ya rubuta sunana, shi kuma ya ɗauke shi kamar wani haraji na shekara huɗu da za a gama a huta. Abin da yakan faɗa ke nan in ya gan ni da littafi: “In sun ƙare da kai, aiki na nan shina jiranka.” Ni kuwa gaskiyar magana ba na son aikin. Ina son karatun, ina son wando da keke irin na Malam, kuma fiye da duka ina son in je inda ba wanda zai toshe hanci in na wuce.

A makon nan ne Malam ya ce zai nuna mana “height” a jikinmu. Ya ɗauko igiyar awo, ya ja layi da alli a bangon aji, ya ce wannan shi ne layin da Bature ke aiki da shi. A zamanin babu mai takardar haihuwa. In za a sa ka aji ɗaya, cewa ake ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya kai ka isa. In za a wuce da kai gaba kuma sai a tsayar da kai a bango, wanda kansa ya wuce layi an ɗauka ya girma, shekarunsa sun haura, sai a ba ƙarami gurbinsa. Muka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya ana dariyar gajeru. Da aka zo kaina Malam ya ɗora littafi bisa kaina, ya dubi bango, ya sake dubawa. Na wuce layin da yatsu uku. Ya dai ce na gaba ya zo, amma na ga fuskarsa. Tsawon nan nawa laifin romo ne da kayan ciki, don a gidan mahauci ko ba a da komai ba a rasa ƙashin da za a tafasa, ga shi kuma dangin Inna duk dogaye ne.

Daga ranar na shiga yaƙi da tsawona. Na daina cin nama, na ce wa Inna cikina ne ba ya so. Na ji an ce ɗaukar kaya mai nauyi yana danne yaro, sai na koma ɗebo ruwa da babban tulu, in na dawo daga gona in ɗora dutse cikin harawa. Na koyi tsayawa da gwiwa a ɗan lanƙwashe a cikin taguwa yadda ba za a gane ba. Amma babban maganin da na dogara da shi shi ne tsallake. Kowane yaro a garin nan ya san in kana kwance wani ya tsallake ka, ba za ka ƙara tsawo ba sai ya dawo ya tsallake ka ta baya, kuma iyaye mata suna dukan yaro a kan wannan ba da wasa ba. To ni sai na mai da shi sana'a. Kullum da la'asar in saci soyayyen kitse daga tukunyar Inna, in tara yaran lungu a bayan katangar masallaci, in kwanta rub da ciki a yashi, kowa ya tsallake ni sau uku ya karɓi rabonsa. Wata biyu ina wannan wahala. Da na lallaɓa aji lokacin tara na gwada kaina a bango, sai na tarar na ƙara yatsa guda.

Wata ranar Laraba ina kwance, yara bakwai sun yi layi, sai na ji tsallaken ya tsaya, ƙafafu sun watse. Na ɗago kai na ga Baba tsaye da fatu a kafaɗa, ya biyo ta hanyar da ba ya saba bi ba. “Mi a wanga?” ya tambaya. Ban iya yi masa ƙarya ba, na faɗa masa komai, da layin, da Baturen, da naman da na daina ci. Ya daɗe yana dubana, abin da bai saba yi ba, sannan ya ce in tashi in kakkaɓe jikina, ya wuce. Inna ce ta tayar da ƙura da labarin ya kai mata. Ta bi gida gida ta tattaro yaran nan, ta shimfiɗa ni a tsakar gida, ta tsaya da muciya a hannu sai da kowannensu ya tsallake ni ta baya, tana ƙirgawa tana faɗa. Baba yana zaure yana cin tuwonsa abinsa.

Saura mako guda Bature ya zo, Malam Haliru ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Na laɓe a bayan zana ina ji. Ya gaya wa Baba cewa a ajin nan babu wanda ya fi ni, amma yana tsoron bango zai kayar da ni, ko akwai wata shaida ta shekaruna. Baba ya ce shi bai san wata shaida ba. “To Malam, in ba su ɗauke shi ba ai ba hasara anka yi ba. Namiji guda gare ni, ga ƙirjina ya hwara gajiya da hurin nan. Wa za ya kama mani?” Suka koma zancen gero, Malam ya yi sallama. Ni kuwa na san ta wannan gefen babu mai taimakona, na shiga turken awaki na yi kukana na fito.

Ranar ta zo bayan an kai gero gida. Aka kafa wa Baturen teburi a gindin tsamiya, dogo ne mai jan wuya, yana jin Hausa irin ta littafi. Muka yi lissafi da rubutu da sassafe, sannan aka riƙa kiranmu ɗaya ɗaya. Ya nuna mini reshen tsamiya na ce “high”, ya tambaye ni rijiya na ce “deep”. Da ya zo kan “pressure” na ba shi misalin famfon keke, ban ko kusanci akuya ba. Ya gyaɗa kai, ya yi wata alama a takarda, ya ce in je bango. Na tsaya na lanƙwasa gwiwa yadda na koya. Ashe ba ni ne farkon mai wannan dabara ba. Ya sa rula ya ɗan bugi gwiwoyina, na miƙe, kaina ya haye layin sarai. “Too tall,” ya ce, sannan ya juya ga Malam da Hausa. “Wannan ya girma. Ya kai shekara goma sha biyar.” Malam ya rantse masa ban kai ba, Baturen ya ce kowane malami haka yake faɗa a kan yaron da yake so, shi kuwa ba shi da abin da zai kama sai bango. Ya ɗauki alƙalami ya nemi sunana a jeri.

Surutun yara ne ya sa ya ɗago kai. Baba ne ya shigo ta ƙofar makaranta, wurin da bai taɓa takawa ba. Hantsi ne, lokacin da mayanka ta fi cika, kuma yadda yake a wurin aiki haka ya taho, da warkinsa, jini ya bushe masa har gwiwar hannu, ƙudaje na biye da shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da teburin ya yi gaisuwa, ya ce yana da magana a kan yaron da ke bango. Baturen ya tambaye shi ko shi wane ne. “Ni ubanai na,” in ji Baba. Baturen, ko don bai san al'adarmu ba ko don yana son ya tabbatar, ya ce to ya faɗi sunan ɗan nasa. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi Malam kamar mai neman a cece shi, Malam ya kau da kai. “Abubakar,” ya ce a hankali. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar, ban kuma sake ji ba.

Sannan ya miƙe, muryarsa ta koma irin wadda yake ciniki da ita a kara, kasuwar shanu. “Ranka shi daɗe, ni ban san takarda ba. Amma tun ina yaro nika sayen shanu, ban taɓa kai bijimi ga bango in san shekarunai ba. Baki aka buɗewa.” Kafin in ankara ya kama haɓata da hannu ɗaya, ya matse kumatuna bakina ya buɗe, ya juya fuskata wajen rana daidai yadda yake yi wa maraƙi. Yatsunsa suna warin kitse. “Diba nan. Wanga haƙorin nono na, bai hwaɗi ba. Can baya kuwa turmi ko hitowa bai gama ba. Yaron da ya kai sha biyat ba shi da wanga baki. Daminar da ta bi dawowar soja daga yaƙin Bama anka haihe shi.” Ya sa babban yatsa ya girgiza haƙorin don Baturen ya gani. Haƙorin da ma kwana da kwanaki yana lilo, sai kawai ya fita a hannunsa. Baba ya dube shi, ya goge shi a warki, ya ajiye a kan teburi kusa da takardun.

Makarantar duka ta ɗauki dariya, har malamai. Baturen bai yi ba da farko. Ya sa tabarau ya taso ya leƙa bakina da kansa, ya kira wani ɗan gajeren yaro da ya riga ya ɗauka ya leƙa nasa, ya dawo ya sake leƙa nawa. Sai a sannan ya yi murmushi, ya zauna, ya rubuta goma sha biyu a gaban sunana. Baba bai jira a gode masa ba, bai kuma dube ni ba. Ya sa takalminsa ya ce ya bar nama a rataye, ya fita. Ni kuwa na tsaya a bango da jini a leɓe ina hawaye, ba don zafi ba, don takaici. An ɗauke ni, amma abin da ke raina shi ne an buɗe mini baki kamar dabba a gaban Nasiru. Kafin a tashi an sauya mini suna zuwa Bijimi. Kwana uku ina gaishe da Baba ciki ciki, kaina a ƙasa. Na ce wa Inna ya kunyata ni a gaban duniya. Ta dube ni tana tankaɗe ta ce, “Tsawon banza gare ka, har yau yaro kake.”

A farkon 1960 na tafi makarantar kwana da akwatin ƙarfe. A cikin shekarar aka karɓi mulkin kai, aka raba mana 'yan tutoci muka yi maci, muka ci shinkafa da nama har muka ture. Da na zo hutu na tarar wani ɗan ƙanen Baba daga ƙauye ne ke yi masa hurin akuya, shi yana zaune a kan turmi yana nuna masa da baki. Yaron bai daɗe ba ya gudu, aka kawo wani, shi ma haka. Cikin 'yan shekaru Baba ya bar wa maƙwabcinsa rumfarsa ta nama ya zauna gida. Ina Kaduna ina koyon aikin injuna aka aiko mini ya rasu, kafin in iso an rufe shi. Daga baya na yi aiki shekaru masu yawa a Kalambaina wurin siminti, ina duba agogunan injuna, kalmomin Malam Haliru su ne abincina.

Yanzu ina zaune a unguwar Arkilla. Jikokina kowa da takardar haihuwarsa a cikin leda tun yana kwana bakwai, ba mai tsayar da su a bango, ba mai leƙa musu baki. Inda gonarmu take shaguna ne da hayaniyar keke, kuma a duk zuriyarmu babu wanda ya iya feɗe akuya, in Sallah ta zo sai mu kira mahauci mu tsaya muna kallo. Sai da na haifi nawa ɗan farin na fahimci abin da ya faru a safiyar nan. Da Baba ya yi zamansa a mayanka, ba wanda zai ce ya yi laifi, kafin azahar bango ya mayar masa da ɗansa, ya samu mai kama masa aiki har ƙarshen ransa. Ya san haka sarai, ya ajiye wuƙa, ya tako da ƙafarsa ya zo ya ba da ni. Ni kuwa abin da na saka masa da shi fushin kwana uku ne. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba.